Yadda ake zaɓe, dubawa da amfani da tsohuwar kyamarar Japan mai ma'aunin nisa

Daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970, masana'antun Japan sun ƙera miliyoyin kyamarori masu cin fim ɗin milimita 35 waɗanda ake saita nisansu ta hanyar haɗa siffa biyu a cikin tagar leƙe, wato nau'in da masu sana'ar ke kira renjifainda. Da yawa daga cikinsu suna nan da ransu, wasu a shagunan Tokiyo irin su Fujiya Camera da ke Nakano da Map Camera da ke Shinjuku, wasu a kasuwannin intanet, wasu kuwa a ƙasan akwatin iyaye da kakanni. Wanda zai sayi irin wannan kyamara, ko ya farfaɗo da wadda ya gada, abin da ya fi dacewa ya riƙe shi ne tsarin dubawa: ya fara da abin da ba ya gyaruwa, ya ƙare da abin da mutum zai gyara da hannunsa cikin yini guda. Sunan kamfani yana zuwa ne bayan wannan.

Fahimtar ƙirar kafin a kai hannu aljihu

Idan ka dubi gaban kyamarar, sama da idon da ke ɗaukar hoto, za ka ga tagogi biyu ko uku. Babbar ita ce tagar leƙe. Ƙaramar da ke can gefe ita ce ta ma'aunin nisa. Idan akwai ta uku mai farin gilashi da ba a ganin ciki, aikinta tattaro haske ne don haskaka layukan da ke nuna iyakar hoto. Hasken da ya shigo ta ƙaramar taga yana faɗawa kan wani ɗan madubi mai juyawa, daga nan ya bi ta gefe zuwa wani gilashi da aka yi wa siririn shafi, wanda ke barin rabin haske ya ratsa, ya mayar da rabi. Wannan ne ya sa kake ganin ɗan tabo mai ruwan ɗorawa a tsakiyar tagar leƙe, kuma a cikin tabon abu ɗaya yana bayyana sau biyu. Miƙa babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle daga gefe zuwa gefe, kuma tsallen yana raguwa gwargwadon nisan abin da kake kallo. Da wannan bambanci kyamarar take auna nisa. Lokacin da ka murɗa zoben saiti, idon kyamara yana matsawa gaba ko baya, yana tura wani ɗan hannun ƙarfe da ke juya madubin, sa'ad da siffofin biyu suka haɗe suka zama ɗaya kuwa, nisa ya saitu.

Abubuwa uku ne suka biyo bayan wannan ƙira, kuma dukkansu za su shafi yadda za ka yi aiki. Babu babban madubin da ke tashi sama kamar na kyamarar SLR, wato wadda ake leƙe ta cikin idonta, saboda haka ƙara kaɗan ce, girgiza ma kaɗan ce. Ba ta cikin idon kyamara kake kallo ba, saboda haka abin da ka gani da abin da fim ya gani suna ɗan saɓawa idan abu yana kusa, kuma kana iya ɗaukar fim guda cur da murfi a kan ido ba tare da ka ankara ba. Sannan daidaiton saiti ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin tagogin biyu da kuma girman abin da tagar leƙe ke nunawa. Idan tazarar ta yi faɗi, ma'aunin ya fi kaifi.

Mataki na farko: yanke shawarar gidan da za ka shiga

Kyamarorin nan gida biyu ne. Gida na farko shi ne na masu idon da ake cirewa a sauya. Tarihinsu ya faro ne da kwaikwayon Jamus. Hansa Canon ta 1936 ta bi sawun Leica, kuma abin mamaki, gilashin da ke jikinta Nikkor ne na kamfanin Nippon Kogaku, wanda daga baya ya zama Nikon. Shi wannan kamfani bai fito da tasa kyamarar ba sai 1948, kuma ya haɗa siffar Contax da labulen ƙyaure irin na Leica, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya faɗa kan fim. Sunan gilashin Nikkor ya fita duniya a 1950, lokacin da David Douglas Duncan na mujallar Life ya ɗaura shi a kan Leica ɗinsa ya tafi da shi yaƙin Koriya. Daga nan aka sami Nikon S a 1951, S2 a 1954, SP a 1957, ita kuma Canon ta fito da P a 1959 da Canon 7 a 1961, wadda aka yi wa shahararren ido mai milimita 50 da buɗi f/0.95, lambar da ke nuna faɗin kafar da haske ke shiga, kuma ƙanƙantarta na nufin kafar ta fi faɗi. Fitowar Leica M3 a 1954 ta nuna wa Japanawa cewa cim ma Jamus a wannan fage zai yi wuya, shi ya sa suka karkata ga SLR, har Nikon F ta 1959 ta janye ƙwararru daga layin S.

Gida na biyu shi ne na masu ido kafaffe da ƙyaure mai ganyayyaki a cikin idon, wanda kamfanoni irin su Copal da Seiko da Citizen suke ƙerawa. Waɗannan an yi su ne don magidanta da matafiya. Canonet ta farko ta fito a 1961, Minolta Hi-Matic a 1962, Konica Auto S2 a 1965, Yashica Electro 35 a 1966, Olympus 35 SP a 1969, 35 RC a 1970, Canonet G-III QL17 a 1972, sai Olympus XA ta mai zanen kyamara Yoshihisa Maitani a 1979. Wata Hi-Matic da aka sayar a Amurka da sunan Ansco Autoset ita ce ɗan sama-jannatin Amurka John Glenn ya hau sararin samaniya da ita a 1962.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya shiga gida na biyu, kuma a cikinsa ya nemi wadda ke aiki ko babu batir. Canonet QL17 mai ido milimita 40 da buɗi f/1.7, da Olympus 35 RC mai milimita 42 da f/2.8, da Minolta Hi-Matic 7s, da Konica Auto S2, dukkansu ƙyaurensu na sifirin ne. Idan mitar haske ta mutu, za ka saita komai da hannu ka ci gaba da aiki. Yashica Electro 35 tana da ido mai kyau ƙwarai, milimita 45 da f/1.7, kuma tana iya barin ƙyaure a buɗe har kusan sakan 30 da dare, amma lantarki ne ke sarrafa ta, idan babu batir gudu ɗaya kawai take yi, wato 1/500 na sakan. Olympus XA kuwa ba ta motsi sam sai da batir. Ba aibu ba ne, amma wayoyin da suka haura shekara arba'in ba abin da za a jingina da su gaba ɗaya ba ne. Wanda ya nace sai ya sauya ido, Canon P ta fi masa sauƙi, domin tana karɓar kowane ido mai zaren Leica na milimita 39, tagarta tana nuna abu daidai girmansa, kuma tana da layukan iyaka na milimita 35 da 50 da 100. Nikon S2 da SP sun fi tsada, kuma bakinsu ya yi kama da na Contax amma lissafin saitin ya ɗan bambanta, saboda haka dogon idon Contax ba zai saitu daidai a kansu ba.

Mataki na biyu: tabon tsakiya

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin shi ne ran kyamarar, kuma shi ne mafi wuyar magani idan ya lalace. Fara gwajin a cikin ɗaki mai matsakaicin haske, kada ka yi shi a tsakar rana, domin a rana kowane tabo yana fitowa. Nemi abu mai miƙaƙƙen layi a tsaye, kamar gefen ƙofa, ka sa tabon a kansa, ka murɗa zoben saiti daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Siffa ta biyu ya kamata ta fito sarai, ta riƙa tafiya sannu a hankali tare da hannunka, ba tare da tsayawa ko tsalle ba. Idan tana maƙalewa sannan ta zabura, man da ke jikin hannun ƙarfen ne ya daskare, kuma wannan mai gyara zai iya warwarewa. Idan kuwa sai ka ƙanƙance ido kana lalube kafin ka hango ta, to dalili ɗaya ne cikin biyu: ko dai hazo da ƙura ne suka taru a gilasan ciki, ko kuma shafin madubin ne ya dushe. Na farko yana tsabtatuwa. Na biyu sai an sauya madubin, kuma kuɗin aikin yakan haura kuɗin kyamarar. Don ka bambance su, haska tocila ta tagar gaba ka dubi ciki daga gefe. Idan ka ga fari-fari ya lulluɓe gilasan, akwai fatan tsabtacewa ta yi amfani, idan kuwa gilasan tas suke amma tabon ya dushe, ka ajiye wa mai ita kayansa.

Bayan haka ka fita waje ka nemi abu mai nisa sosai, kamar ƙarfen sabis ko hasumiyar masallaci da ke can wata unguwa, da dare kuma wata ya fi komai. Murɗa zoben har ya tsaya a kan alamar nisa marar iyaka, mai kama da lamba 8 a kwance. A daidai wurin siffofin biyu ya kamata su haɗe. Idan sun haɗe kafin zoben ya kai ƙarshe, ko ya kai ƙarshe ba su haɗe ba, ma'aunin ya goce ta kwance, kuma hotunanka za su fito dishi-dishi musamman idan ka buɗe ido sosai. Idan kuwa ɗaya siffar tana ɗan saman ɗayar, gocewar ta tsaye ce, wadda ba ta ɓata saiti amma tana gajiyar da ido. Dukkansu da ƙananan kusoshi ake daidaita su, saboda haka dalilin neman ragi ne, ba dalilin fasa ciniki ba. Gargaɗi ɗaya ga mai son buɗe saman kyamara da kansa: kada ya kuskura ya goge madubin mai shafi da auduga ko tsumma, domin shafin yakan bi audugar ya tafi a shafa ɗaya.

Mataki na uku: idon kyamara

Buɗe bayan kyamarar, ka sa zoben gudu a kan harafin B, ka buɗe kafar haske iyakarta, ka naɗa hannun da ke jan fim, ka danna maɓalli ka riƙe. Ƙyaure zai tsaya a buɗe. Haska tocila daga baya a karkace, ka duba ta gaba, sannan ka juya. 'Yar ƙura da siraran ƙarzuna a gilashin gaba ba sa hana hoto kyau, kuma babu tsohon idon da ba shi da su. Abin tsoro uku ne. Akwai fumfuna, wadda ke fitowa kamar farin zare mai rassa daga gefe tana nufar tsakiya, kuma idan ta daɗe tana cin shafin gilashin har ta bar tabo ko bayan an wanke. Akwai hazo, wanda tururin mai ke haddasawa, yana sa hoto ya fito fari-fari kamar an ɗauka da hunturu. Idon Canon na milimita 50 f/1.8 mai zare ya yi ƙaurin suna da wannan, kuma a wasunsu hazon ya riga ya ci gilashin. Akwai kuma rabuwar gilasai biyu da aka manne, wadda ake ganewa da launin bakan gizo a gefe. A kyamara mai ido kafaffe, lalacewar ido lalacewar kyamara ce baki ɗaya.

Mataki na huɗu: ƙyaure da kafar haske

Kafin ka yanke hukuncin cewa kyamara ta mutu, ka duba ko zobenta yana kan harafin A, inda kyamara ke saita haske da kanta. Canonet da Olympus 35 RC an ƙera su ne su kulle maɓalli idan suna kan A kuma haske bai isa ba ko babu batir, kuma an sha sayar da lafiyayyu da arha saboda wannan. Kawar da zoben daga A zuwa wata lamba, ka sake gwadawa.

Bi kowane gudu ɗaya bayan ɗaya, bayan kyamarar yana buɗe, kana kallon haske ta ciki. Daga 1/500 zuwa 1/60 ido ba zai auna maka daidai ba, amma zai nuna maka cewa walƙiyar tana ƙara tsawo a kowane mataki. Masu jinkirin su ne ke tona asiri. A kan sakan ɗaya, ko 1/4 a Canonet G-III wadda ba ta sauka ƙasa da haka, ya kamata ka ji ƙarar 'yan haƙora tana tafiya sumul har ƙyaure ya rufe. Idan ta yi jinkiri ko ta tsaya a hanya, tana buƙatar wanki. Dubi ganyayyakin ƙyauren da kansu: busassu ya kamata su kasance. Sheƙin mai a kansu alama ce ta cewa za su manne, kuma Olympus 35 RD ta 1975 an san ta da wannan ciwo. Akwai ɗan hannun da ke jinkirta ɗauka don mai hoto ya ruga ya shiga sahu. A tsohuwar kyamarar da ba a wanke ba, kada ka taɓa shi, domin idan ya maƙale a tsakiya yakan kulle ƙyauren gaba ɗaya.

Yashica Electro 35 tana da gwajinta na musamman. A cikinta akwai wata 'yar roba da ke tsakanin sandar maɓalli da makunnan lantarki, wadda ke ruɓewa da tsufa. Naɗa hannun jan fim a hankali kana saurare. Lafiyayya za ta yi ƙara guda mai ƙarfi, ƙwas, a farkon naɗin. Idan babu wannan ƙara, robar ta tafi, fitilun nan ja da ɗorawa da ke nuna yawan haske ko ƙarancinsa za su rikice, gudun ƙyaure ma haka. Ana gyarawa, amma sai mai haƙuri da siririn hannu.

A gida na farko, ƙyauren labule ne guda biyu da ke gudu a gaban fim. Cire idon, ka haska tocila ta gaba a cikin duhu, ka duba labulen kafin naɗi da bayan naɗi. Labulen yadi irin na Nikon S2 da tsofaffin Canon yakan huje, sau da yawa saboda an bar kyamara tana fuskantar rana babu murfi, gilashi ya tattara zafi ya ƙona shi. Labulen Canon P da Canon 7 na siririn ƙarfe ne, kuma da wuya ka sami wanda bai ɗan yamutse ba. Muddin ba ya zubar da haske kuma yana gudu lafiya, yamutsewar ba ta hana aiki.

Mataki na biyar: mitar haske da matsalar batir

Mitar da ke da faffadan gilashi mai gida-gida, kamar wadda ta kewaye idon Canonet ta 1961 ko ta goshin Canon 7, ta siliniyom ce. Ba ta cin batir, amma tana rauni da shekaru, kuma idan ta mutu ka ɗauka babu ita. Na baya sun koma ga ƙaramar ƙwaya mai buƙatar batir, kuma a nan matsalar take, domin yawancinsu an lissafa su ne a kan batirin zaiba PX625 mai bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda gubarsa. Amurka ta hana sayar da shi a 1996. Amfanin batirin zaiba shi ne ƙarfinsa ba ya sauyawa har ya ƙare. Batirin alkalin mai siffa iri ɗaya yana farawa da bolt 1.5 sannan ya yi ta sauka, saboda haka kuskuren mitar ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma da sabonsa yawanci hoto yakan fito da duhu. Mafita mafi arha ita ce batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675, wanda ke ba da kusan bolt 1.4, ya fi ramin ƙanƙanta, saboda haka ana sa masa zoben roba ya tsaya a tsakiya, kuma daga ranar da ka ɓare takardar bayansa ba ya wuce 'yan makonni ko watanni kaɗan, a busasshiyar iska ma ya fi saurin mutuwa. Mafita mai ɗorewa ita ce 'yar kwasfar MR-9 wadda ke rage ƙarfin batirin azurfa SR43 zuwa abin da ake buƙata. Yashica Electro 35 an yi ta ne don batir mai bolt 5.6, amma tana aiki lafiya da 4LR44 mai bolt 6 idan an cike ragowar ramin da kwasfa ko sifirin. Olympus XA ba ta da wannan damuwa, domin SR44 guda biyu take ci.

Buɗe ramin batirin ka duba. Farin gari ko kore a jikin ƙarfe alama ce ta batir ya taɓa fashewa a ciki. Ana goge shi da ɗan ruwan khal a kan auduga, amma sau da yawa tsatsar ta riga ta bi waya ta ciki ta cinye ta. Idan mitar ta motsa, gwada ta da manhajar auna haske ta wayar hannu a wuri uku: rana, inuwa, da cikin ɗaki. Idan kuskuren iri ɗaya ne a ko'ina, sai ka gyara shi da lambar ASA, wadda ita ce ISO ta yau, wato lambar saurin karɓar haske na fim. Ka lura kuma cewa mitar Canonet G-III tana aiki ne a kan A kawai.

Mataki na shida: soson bayan kyamara

Wannan shi ne abin da ya fi tsorata masu saye, alhali shi ya fi komai sauƙi. Shafa yatsa a bakin murfin baya, wajen maƙalar ƙofa da cikin siraran kwaruruka na sama da ƙasa. Kusan tabbas yatsan zai fito da baƙin danƙo, domin soson da ke hana haske shiga ya narke. Alamarsa a hoto ita ce jan ko ruwan lemon zane da ke ratsa gefe. Tsoma tsinken sakace a sifirit, ka kankare kwarurukan har ƙarfe ya fito, kana kiyaye kada ɓarɓashi ya faɗa kan gilashin baya, kada kuma ka tura shi cikin ɗan harshen da ke mayar da ƙidayar hotuna zuwa farko. Sannan ka yanka sabon baƙin soso mai kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ka liƙa. A cikin kwaruruka, baƙin zaren ulu ma yana yin aikin. Tambarin zinariya mai siffar ƙwai da za ka gani a jikin wasu, an rubuta PASSED, na hukumar JCII ne da aka kafa a 1954 don duba kayan da za a fitar waje. Shaida ce ta lafiyar kyamara ranar da ta bar Japan, ba ta yau ba.

Idan ta intanet za ka saya, duk waɗannan gwaje-gwaje sai su koma tambayoyi. Kada jerin alamomin yabo da masu sayarwa ke tarawa a kanun talla su ruɗe ka. Gangara ƙasa ka karanta abin da aka ce game da fumfuna da hazo da tagar leƙe, ka nemi hoton cikin tagar, kuma ka sani cewa abin da shagunan Japan suka kira janku, wato kayan da ba a tabbatar suna aiki ba, babu garanti a kansa.

Mataki na bakwai: fim na farko

Kafin ka sayi fim, ka tabbatar da inda za a wanke maka shi, ko kuma ka shirya koyon wanke baƙi da fari a gida. Fim mai launi irin Kodak Gold 200 wankin C-41 ake yi masa. Ga mai zama a ƙasa mai zafin rana, ISO 100 ko 200 ya fi dacewa da yini, saboda yawancin kyamarorin gida na biyu ba sa wuce 1/500 da f/16, kuma fim mai ISO 400 irin Ilford HP5 Plus yana kai su wannan iyaka da tsakar rana.

Ɗura fim a inuwa. Ja harshensa ka soka a tsagar sandar naɗi, ka tabbatar haƙoran sun shiga hujojin gefe, ka rufe. A Canonet mai QL ba a sokawa. Ana ja ne zuwa alamar da aka yi a rufe, faifan ciki ya kama shi. Juya hannun mayarwa a hankali har ka ji fim ya ɗame, sannan ka naɗa sau biyu kana kallonsa: idan yana juyawa da kansa, fim yana tafiya, idan kuwa ya tsaya cik, buɗe ka sake. Saita lambar ASA nan take.

Idan babu mita, ƙa'idar rana ta isa: a hasken rana tangararan, sa kafar haske a f/16, gudu kuma lambar da ta fi kusa da ISO ɗin fim, wato 1/250 ga ISO 200. Da hazo ko siririn gajimare ka buɗe zuwa f/11, da hadari f/8, a inuwar bishiya ko rumfa f/5.6 ko f/4. Fim mai nagatif ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa, saboda haka idan kana shakka ka ƙara buɗewa.

Wajen saiti, sa tabon a kan ido ko gefen fuska ko wuyan riga, ka haɗa siffofin, sannan ka gyara tsayuwar hoton a cikin layukan iyaka. Idan abin ba shi da layi a tsaye, karkata kyamarar ka saita, ka mayar da ita. Ido mai milimita 40 a f/1.7, idan mutum yana nisan mita ɗaya, abin da zai fito fes bai fi kaurin santimita 6 ba, saboda haka ko ɗan sunkuyawa bayan saiti yana ɓata aiki. A f/11 kuwa, idan ka ajiye zoben a mita 5, komai daga kusan mita biyu da rabi zuwa can nesa zai fito, kuma da haka ake ɗaukar taro ko titi ba tare da an tsaya saiti ba. A kusa, ka kula da saɓanin taga da ido: a Canonet G-III da Konica Auto S2 da Electro 35 layukan suna matsawa da kansu, a Olympus 35 RC kuwa 'yan alamomi ne kafaffu a ciki, kuma wanda ya manta da su zai yanke wa mutane hula. Ƙyaure mai ganyayyaki yana dacewa da filasha a kowane gudu, abin da ke da amfani wajen haska fuskar da ke ƙarƙashin inuwa da rana tsaka.

Fim na farko na gwaji ne, kada ka kai shi biki. Ɗauki bango ɗaya a gudu daban-daban kana sauya kafar haske yadda hasken zai zama daidai, domin idan aka wanke ka ga wane gudu ne ya kauce. Shimfiɗa jarida a kan tebur, ka aza biro a kan layi ɗaya, ka saita a kansa daga mita ɗaya a karkace da ido a buɗe iyakarsa. Idan rubutun da ya fito fes yana gaban biron ko bayansa, ma'aunin yana buƙatar daidaitawa. Bar kyamarar a haske mai ƙarfi na ɗan lokaci da murfi a kan ido tsakanin hoto biyu, don ka gane ko sabon soson ya toshe ko'ina. Rubuta lambar kowane hoto da saitinsa a takarda. Idan hannun naɗi ya cije a ƙarshen fim, kada ka tilasta shi. Danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamara, ko ka juya zoben zuwa R a irin su Canon P, ka mayar da fim cikin gwangwaninsa har ka ji ya saki, sannan ka buɗe.

Ajiya

Laima da duhu da rashin iska su ne ke haifar da fumfuna, saboda haka jakar fatar da kyamarar ta zo da ita ita ce wuri mafi muni da za a bar ta da damina. Sa ta a cikin robar abinci mai murfi mai kamawa tare da ƙullin ƙwayoyin tsotse laima irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, kana busar da su lokaci-lokaci. Da hunturu, hure ƙura da 'yar robar hura iska kafin ka kai tsumma kan gilashi, domin ƙurar tana da yashi a ciki. Cire batir idan za ta daɗe a ajiye, ka bar ƙyaure a sake ba a naɗe ba, kuma duk wata ka fito da ita ka bi kowane gudu sau biyu ko uku don kada mai ya daskare. Kada ka bar kyamara ko fim a cikin mota da rana. Fim ɗin da ba a buɗe ba a ajiye shi a firiji, a fito da shi ya yi awa biyu ko uku a cikin robarsa kafin a ɗura.